Safe-to-Load a bakin daffo: yana ganin taya, ba ya ganin cikin tanki

Tankar da za ta ɗauki fetur daga Apapa, ko Ijegun, ko Warri, ko Kalaba, sai ta fara bi ta hannun jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, kafin ta shiga ƙarƙashin famfon lodi. Sunan shirin Safe-to-Load, ƙa'idarsa kuma ba ta da tsawo: motar da ba ta cika sharaɗi ba, ba a zuba mata mai. Jami'i yana riƙe da takardar abubuwan dubawa, ya zagaya mota, ya nemi takardu, sannan ya sa hannu ko ya ce a juya.

In za a auna shi a matsayin hidima ga mai mota da direba da mutanen garuruwan bakin titi, binciken ya ci yabo a wuri ɗaya babba, ya kuma gaza a wuri ɗaya babba. Abin da ido ke gani yana kama shi. Abin da ke cinye gari kuwa idan tanka ta kife, wato murfi da bawul da walda da katangun cikin tanki, ido ba ya kai musu a layin daffo. Mai motar da ya ɗauki sa hannun bakin ƙofa a matsayin shaidar cewa tankinsa lafiya lau yake, kansa ya yaudara.

Yabon na wurin da aka ajiye binciken ne. Idan aka tare tanka a Mokwa ko a Tafa, tana ɗauke da lita 45,000 a kan sudaddiyar taya, jami'i ba shi da abin yi na kirki. In ya sake ta haɗari ne, in ya ajiye ta a gefen titi kusa da masu suya da masu shayi haɗarin ya ƙaru. A bakin daffo kuwa babu kaya a cikinta, tikitin lodi yana hannu, ɗan kasuwa yana ta bugo waya, kowane kwana na jinkiri asara ce. Nan ne kaɗai "je ka gyara ka dawo" take taɓa aljihun mai mota, nan ne kuma ake gyarawar.

Takardun da tanka ke yawo da su sanannu ne: lasisin direba rukunin G, wanda shi ne na manyan motoci masu jan bodi, da takardar lafiyar mota ta VIO, da inshora, da takardar awon tanki. Sai dai ku duba abin da kowacce take shaida. Ta VIO tana magana a kan mota a matsayinta na mota, birki da fitila da sitiyari, kamar yadda za a duba tirelar siminti. Takardar awo kuwa cewa take idan sanda ta nuna tsayi kaza a ɗaki na biyu, to lita kaza ne a ciki. Takardar ciniki ce, don kada mai gidan mai ya ce an tauye masa mudu. Babu ɗaya daga cikinsu da ke nufin an matsa tankin da ruwa ko da iska an ga bai zubar ba.

A kan taya binciken ya fi ƙarfi, domin taya ba ta ɓoye shekarunta. A gefenta akwai layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar ƙira: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. FRSC tana lissafa wa'adin taya shekara huɗu daga nan. Zurfin zane kada ya gaza milimita 1.6, kodayake duk wanda ya san gangaren Jebba da damina ba zai jira ya kai can ba. A milimita 3 ya kamata a canja. Abin da mai mota zai ƙara da kansa shi ne lambar nauyi. Tayar 315/80R22.5 mai lamba 156/150 tana ɗaukar kilo 4,000 in ita kaɗai ce, kilo 3,350 in tagwaye ne, kuma wannan lissafin a kan cikakkiyar iska yake. Tayar ciki ta tagwaye ita ce 'yar bora. Ba a ganin ta sosai, gwajinta bugun ƙarfe ne kawai da yaron mota ke yi, in ta sace sai ta waje ta ɗauki nauyin biyu, ta yi zafi, ta fashe ko ta kama da wuta a daidai ƙarƙashin fetur. Geji ake sa mata, ba guduma ba.

Birki ma akwai abin da za a iya ganowa mota na tsaye, kuma gwajin bai fi minti biyar ba. A sa waiji a taya. A bar inji ya cika iska har kwamfiresa ta yanke da kanta, a yawancin motocin ƙirar Amurka irin su Mack tsakanin psi 120 ne da 125 a gejin matsin iska, wato bar 8 da ɗoriya. A kashe inji, a saki birkin hannu, a taka birki a riƙe minti ɗaya cur: a motar da ke haɗe da bodi allura kada ta sauka fiye da psi 4. Sannan a yi ta tattakawa ana zubar da iska. Ƙararrawa ko jar fitila ta kama kafin allura ta yi ƙasa da 60, birkin sifirin kuma ya kama da kansa tsakanin 45 da 20. In bai kama a wata ƙafa ba, a leƙa bayan tukunyar birkin. Sau da yawa za a tarar an ɗaure sifirin ɗin da noti tun ranar da tukunyar ta fara yoyo a hanya, don dai mota ta kai gida, daga nan aka manta. Sandar da ke fitowa daga tukunya mai lamba 30 kuma kada fitarta ta wuce inci 2 idan an taka. Ta wuce haka, direba zai ji iska na aiki amma lainin bai matse durom yadda ya kamata ba.

Abin da bakin ƙofa ba zai iya auna wa ba shi ne ƙarfin kamun kowace ƙafa. Wannan sai an hau da mota kan na'urar gwajin birki mai juya taya. Mota mai ƙafa shida da uku kaɗai ke kamawa za ta tsaya tsaf in babu kaya, a fili, a gudun tafiyar ƙafa. Da lodi a gangare kuwa waɗannan ukun za su ɗau zafi su saki. Gobarar gadar Otedola a Legas ranar 28 ga Yunin 2018, wadda ta ƙone motoci fiye da 50, da tankar da ta kasa riƙe kanta ta fara, kuma gwamnatin jihar ta bayyana daga baya cewa an ƙera motar ne don ɗaukar kimanin tan 15, aka mayar da ita tanka tana ɗaukar ninki biyu.

Inda gizo ke saƙar

Daren 15 ga Oktoban 2024 wata tanka da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa. Fetur ya malala cikin kwata, jama'a suka fito kwasa, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Maganar da aka fi yi bayan nan ta masu kwasar ganima ce, kuma gaskiya ce. Amma akwai tambayar da ta riga ta: me ya sa man ya fito? Kifewa daban, zubewa daban. Tankin da aka ƙera bisa ƙa'ida, in ya kwanta a gefensa bai huje ba, kamata ya yi ya riƙe kayansa har a kawo wata mota a juye. Abubuwa uku ke yin wannan aikin, kuma dukansu ba sa nuna lafiyarsu ga mai kallo daga ƙasa.

Na farko murfin sama. Kowane ɗaki na tanki yana da babban murfi mai faɗin kimanin santimita 50 da ake ɗaurewa da notuna, a jikinsa akwai ƙaramin murfin lodi mai sakata, da ɗan bawul ɗin numfashi. Numfashin dole ne, domin fetur yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri na zafi. Lita 45,000 da aka loda da sanyin asuba, in zafinsa ya ƙaru da digiri 10, ya ƙaru da lita 450 ko kusa da haka. Shi ya sa ake barin sarari a sama, shi ya sa kuma tanki ke buƙatar hanyar fitar da tururi. Bawul ɗin kirki yana buɗewa ga tururi amma ya toshe da kansa in tanki ya karkata, a bakinsa kuma akwai ragar ƙarfe mai hana harshen wuta komawa ciki. Ku hau saman tsohuwar tanka ku buɗe murfin lodi ku taɓa robar da ke zagaye da bakinsa. In asalin gaskit ne mai jure fetur, za ku ji shi da tauri daidai, yana komawa in an danna. In kuwa yankan tsohon tub ne, za ku gan shi ya kumbura, ya yi laushi kamar ƙullu, yana barin baƙi a yatsa, gefe ɗaya ya zame daga gurbinsa. A tsaye wannan murfin ba ya zubar da ko ɗigo, don mai bai kai gare shi ba. Ranar da mota ta kwanta, nauyin man ɗaki guda ne zai jingina da shi. Ƙarfen kariyar da ke kewaye da murafan ma dole ya fi su tsayi, in ba haka ba kwalta ce za ta fara aske su.

Na biyu bawul ɗin ƙasa, wanda ake yawan kira bawul ɗin tsaro. A cikin tanki yake zaune, a gindin kowane ɗaki, sifirin ne ke riƙe shi a rufe, iska ko waya ke buɗe shi lokacin sauke kaya. A ƙarƙashinsa an yi wa ƙarfen wani siririn wuya da gangan, domin in wata mota ta daki bututun sauke mai, ya karye a nan ya bar bawul ɗin a rufe a ciki. Bayansa akwai bawul na waje, bayan wannan kuma murfin bakin bututu: ƙulli uku a jere. Daga waje jami'i zai ga gidan bawul da tiyon iskarsa, ya yi alama cewa akwai. Ba zai ga cewa an cire hanjinsa don mai ya riƙa sauka da sauri ba, ko an tokare shi a buɗe tun da tiyon ya fashe. Gwajinsa kuwa ba wuya: a zuba ruwa a ɗakin, a rufe na ciki, a buɗe na waje. Ruwan da ke cikin bututu zai fito ya tsaya. In ya ci gaba da zuba, ko da siririn zare ne, bawul ɗin ado ne.

Na uku katangun ciki. Wasu suna raba tanki ɗaki-ɗaki, wasu masu huji ne da aikinsu karya ƙarfin mai in ya yi gaba lokacin taka birki. Ramukan hanyar Bida zuwa Lambata ba sa barin walda ta huta, tsagewa kuma daga bakin waldar katanga take farawa. Direba yakan ji alama: ya tsaya cak, bayan daƙiƙa ɗaya sai wani abu ya tura motar daga baya. In katangar raba ɗaki ce ta tsage, kananzir ya haɗu da fetur, to matsalar ta bar titi ta koma kicin ɗin wadda za ta kunna risho. Ana gane ta ta hanyar cika ɗaki ɗaya da ruwa a bar maƙwabtansa babu komai, a haska fitila.

Babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan da za a yi a layin da motoci suka yi jerin gwano tun daga bakin titi. Ba laifin jami'in da ke tsaye a rana ba ne, aikin ne ba na wurin ba.

Akwai ma'aunin da za a gwada shi da shi, kuma ba baƙo ba ne ga Najeriya. Yarjejeniyar ADR ta jigilar kaya masu haɗari a kan titi an ƙulla ta a Janeba a 1957, ta fara aiki a 1968, Najeriya ta shiga cikinta a 2018. A tsarinta mota da tanki kowanne da nasa binciken. Motar da za ta ja fetur tana rukunin FL, ana duba ta duk shekara, a ba ta farar takarda mai ratsin ruwan hoda daga kusurwa zuwa kusurwa, wadda ƙarfinta shekara ɗaya ne. Tanki kuma ana yi masa babban bincike duk shekara shida, a shiga cikinsa, a auna kaurin ƙarfe, a matsa shi da ruwa. A tsakiya, duk shekara uku, a yi gwajin yoyo a kuma gwada kowane bawul. In an yi masa gyara, ko an canja masa fasali, ko ya yi haɗari, sai an sake dubawa ko da jiya aka gwada shi. Sakamakon ba a takarda kaɗai yake ba. Akwai farantin ƙarfe manne a jikin tanki mai ɗauke da sunan maƙeri, da lamba, da shekarar ƙira, da yawan litar kowane ɗaki, da wata da shekarar gwajin ƙarshe, da harafin P in babban bincike ne ko L in na yoyo ne, da hatimin wanda ya gwada. Tankin fetur lambar rukuninsa LGBF, kuma B ɗin nan ita ce ƙulli ukun ƙasa, F kuma numfashi mai ragar tare wuta. Da irin wannan faranti, binciken bakin ƙofa sai ya zama mai sauƙi kuma mai nauyi: jami'i ya karanta kwanan wata, ya wuce ko bai wuce ba.

Gwajin yoyon kansa ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada, amma yana kashe wanda ya raina shi. Matsin da ake nema ga tankin fetur bar 0.2 ne, daidai da tsayin ruwa mita 2 a cikin farin tiyo da aka lanƙwasa, wanda ma ya fi ƙaramin geji gaskiya a irin wannan ɗan matsi. A rufe ɗaki, a kai matsin, a jira, a shafa ruwan sabulu a kan walda da bakin murfi da gindin bawul ana neman kumfa. Ɗaki-ɗaki ake yi, maƙwabci babu matsi. Adadin kamar ba komai ba, amma a bangon da ya kai murabba'in mita 3 ya kai nauyin tan 6. Wanda ya jona kwamfiresar ba taya iska kai tsaye, ba tare da abin rage matsi ba, zai iya juya katanga ta koma baya ko ya cilla murfi sama da wanda ke tsaye a kansa. In da ruwa za a gwada, a tuna lita 45,000 na ruwa tan 45 ne, na fetur kuwa tan 33 da ɗan kai. A tallafe bodin, kada kuma a motsa motar.

Kafin kowa ya shiga ciki ko a kusanto da walda, sai an wanke an kore tururi an auna da na'urar gano gas. Tururin fetur yana kamawa idan ya kai tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iska. Cikakken tanki tururinsa ya yi yawa ga wuta a ciki, wanda aka sauke jiya aka bar murfinsa a buɗe shi ne yake daidai wurin fashewa. Hanci ba ma'auni ba ne.

Sai maganar nauyi, inda aka samu ci gaba na gaske. Lita ɗaya ta fetur kimanin kilo 0.74 ce, ta dizal 0.84. Lita 33,000 na fetur tan 24 ne da ɗoriya, 60,000 kuwa tan 44, in dizal ne tan 50, kafin a sa nauyin kan mota da bodi da ke kusan tan 20. Wasu manyan tankunan nan tsawo da tudu aka ƙara musu, ba a ƙara birki ko faɗin ƙafa ba, tsakiyar nauyi ta yi sama, ƙaramar kwana ko gefen kwalta da ya zaizaye ya isa ya kwantar da su. ADR ta ce faɗin da ke tsakanin gefen waje na tayar dama da ta hagu ya kai aƙalla kashi 90 cikin ɗari na tsayin tsakiyar nauyin mota da lodinta. Bayan gobarar mahaɗar Dikko kusa da Suleja ranar 18 ga Janairun 2025, inda tanka mai lita 60,000 ta faɗi, wuta ta tashi ana cikin juye man zuwa wata mota da janareta, fiye da mutum 80 suka rasu, hukumar NMDPRA mai kula da rarraba mai ta hana loda lita 60,000 daga 1 ga Maris na shekarar, ta kuma sanar da shirin saukowa zuwa 45,000. Mataki ne mai kyau, mai sauƙin bi kuma, tunda adadi ne a kan tikiti.

Amma akwai tarko a nan da mai tsohon babban tanki ya kamata ya sani. Lita 45,000 a cikin tankin 60,000 kashi 75 ne cikin ɗari. A ƙa'idar ADR, duk sashen da ya wuce lita 7,500 ba tare da katanga ba, ko dai a cika shi kashi 80 zuwa sama, ko kada a wuce kashi 20. Tsakanin nan ne mai ke samun filin gudu: a kwana ya taru gefe ɗaya ya hau bango, a birki ya yi gaba gaba ɗaya. Rage lodi a tankin da katangunsa suka yi nisa da juna ko suka karye na iya sa motar ta fi saurin kifewa fiye da lokacin da take cike. Gara a cika wasu ɗakuna a bar ɗaya fayau, bayan an lissafa yadda nauyin zai zauna a kan ƙafafun kai da na bodi, ko kuma a yanke tankin a mayar da shi girmansa, a sake gwaji da awo.

Sauran abubuwan da ake dubawa a ƙofa, fitilu da tef mai ƙyalli da alwatikan gargaɗi da na'urar ƙayyade gudu, duk daidai ne. Iyakar gudun tanka a Najeriya kilomita 60 ne a babbar hanya mai tagwayen layi, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari. Na'urar da aka gani a maƙale ba ita ce na'urar da ke jone ba, wannan kam sai a bi wayarta.

Abin kashe gobara shi ne ya fi sauƙin aro. Tukunya ɗaya tana iya shiga ƙofa sau uku a motoci uku, sai fa in an rubuta lambar mota a jikinta da fenti, abin da mai motar da ke son kansa da arziki zai yi ba sai an ce ya yi ba. Ga babbar mota ADR na neman garin kashe wuta kilo 12 a jimilla, aƙalla tukunya biyu, ɗaya ba ta gaza kilo 6 ba, da hatimi da ranar dubawa ta gaba. Garin yana dunƙulewa saboda jijjigar hanya, a riƙa kifa tukunyar ana jin motsinsa. Kuma a gaya wa direba gaskiya: wannan na wutar taya ne da ta inji da ta durom. In kayan da ke tanki suka kama, aikinsa ya nisanta ya kuma kori mutane, ba ya tunkara ba. Ruwa kuwa ɗaukar fetur yake ya kai shi gaba.

Waya ita ce abin da aka fi rainawa. Motar fetur tana buƙatar babban makunni kusa da batir da ke yanke wutar mota duka, da madanninsa a gaban direba, da murfi a kan batir, da wayoyin bayan kai a cikin bututu maimakon a nannaɗe da salatif suna goga da shasi. Akwai kuma wutar da mai ke tarawa da kansa in yana gudu a bututu ko yana faɗowa daga sama, irin tartsatsin da mayafin roba ke yi da hunturu. Don haka ake maƙala wayar sauke wuta a jikin tanki kafin a buɗe murfi, a kuma cire ta a ƙarshe. Wurin maƙalawar ya zama tsiraran ƙarfe, ba fenti ba tsatsa. A lodin sama, wanda har yanzu shi ya fi yawa a daffo-daffonmu, bututu ya sauka har gindin ɗaki, a fara a hankali har bakinsa ya nutse. Mafi hatsari shi ne zuba dizal ko kananzir a ɗakin da fetur ya fita: sabon kayan na tara wuta, tururin tsohon na jiran tartsatsi.

Allon ruwan lemo mai lamba biyu, santimita 40 a 30, ya fi dogon rubutun gargaɗi da ake zanawa a jikin tanka amfani ga 'yan kwana-kwana. 33 a sama da 1203 a ƙasa fetur ne, 30 da 1202 dizal, 30 da 1223 kananzir, 23 da 1965 ko 1075 gas ɗin girki. Na ƙarshen nan wani babi ne daban, tukunyar matsi ce da ba a cika ta fiye da kashi 85, kuma mai waldar tankin fetur ba shi da hurumin taɓa ta.

Ga wanda ke da tanka ɗaya ko goma, shawarar ita ce ku bi Safe-to-Load da zuciya ɗaya, ku kuma ɗauke shi a matsayin dubawar ranar tafiya. Shaidar tanki ku nema daban, a wurin masu gwajin da za su yarda ku tsaya a kansu. Kafin ku biya, ku tambaya ko ɗaki-ɗaki za su matsa, da matsin da za su kai, da mintin da za su riƙe. Ku ga na'urar gano gas da idonku kafin wani ya zura ƙafa a murfi. Ku nemi adadin kaurin ƙarfe a rubuce, musamman a gindin tanki inda ruwa ke kwanciya da wajen farantin da ke haɗa bodi da kai. A ADR tankin baƙin ƙarfe da faɗinsa ya wuce mita 1.8 milimita 6 ake nema, ana sauka zuwa 4 ne kawai in akwai ƙarin kariya. Wanda ya ce a turo hoton mota ta waya a zo a karɓi takarda gobe, ku bar masa takardarsa.

Rahoton kuma ya ɗauki lambar tankin kansa, wadda aka buga a jikin ƙarfensa, ba lambar rajistar kai ba. Kai yana canja bodi a gareji cikin minti goma, takarda na cikin aljihun direba, sai a wayi gari shaidar tankin da aka gwada tana rakiyar wanda ba a taɓa buɗe murfinsa ba. In tankin ba shi da lamba, a buga masa ɗaya a wurin da mai tsaye a ƙasa zai iya karantawa, a rubuta ta a takardar awo da ta gwaji da littafin gareji, duk ranar da aka kai shi wurin mai walda kuma a ƙara layi a littafin, a sake matsa ɗakin da aka taɓa kafin ya koma layin lodi.